Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da atamfa da shadda a Kwatano, nan gefen kasuwar Misebo. A tsawon wannan zama an ci mini bashi an gudu, ruwan sama ya taɓa shigo mini shago ya ɓata dila biyu, na ga faɗuwar naira ta kwashe mini ribar shekara guda. Duk na shanye. Amma babu abin da ya hana ni barci kamar wata tsohuwar kwamfuta da ta riƙa ɗaukewa tana sake tashi da kanta a azumin 2025. Kuɗin da ta ci mini ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne maganar da na yaɓa wa maraya a dalilinta, alhali ba shi da laifin komai.

Kwamfutar irin ta tebur ce, mai akwati a ƙasa da allo a sama. Ta hannu na saya shekara shida da suka wuce, irin kayan da a Kano ake ce wa 'yan Kwatano, mu kuwa a nan sai dai mu ce sun sauko daga jirgi. Da farko rasit kawai muke bugawa da ita. Da Allah ya yi wa yayana rasuwa, aka turo mini ɗansa na ƙarshe, wanda duk gida ke kira Auta, bayan ya gama sakandare. Shi ne ya zauna wata guda cur ya kwashe littattafan bashina guda huɗu ya zuba su a Excel: masu ɗaukar kaya daga Paraku, da Jugu, da Kandi, har Malanbil, kowa da abin da ya ɗauka da abin da ya biya da ranar da ya biya. Lissafin da nakan shafe rabin sa'a ina lalube a takarda, sai ya zama da an rubuta sunan mutum ya fito. Na ji daɗi har na daina rubutu a littafi gaba ɗaya. In kasuwa ta yi sanyi bayan la'asar, yaron kan kalli ƙwallo ko ya yi wasan tseren mota a kanta. Ina gani, ban taɓa hana shi ba, amma na ajiye abin a raina.

Ana saura kamar mako guda a ɗauki azumi shago ya cika. Kayan Sallah sun iso, masu sari suna ta kira, uwargida ma ta sa aka kawo firizar da na saya mata aka ajiye a lungun shago don ta sayar da ƙanƙara da zoɓo ga masu buɗa-baki, tunda watan Maris a Kwatano zafi ne da gumi. A cikin wannan hada-hada kwamfuta ta soma halinta. Kana cikin aiki sai allo ya yi baƙi ƙirin, babu saƙo babu gargaɗi, sai ka ji ta yi 'yar ƙara ta soma tashi daga farko kamar yanzu aka kunna ta. Ranar farko sau ɗaya ta yi. Kafin a kai azumi biyar tana yi sau huɗu, sau biyar a wuni. Excel yana adana aiki da kansa ne duk bayan minti goma in ba a canza masa ba, to duk abin da aka shigar a tsakanin nan, in ba a danna adanawa ba, ya tafi ke nan.

Mai gyaran farko da na kira ko murfin akwatin bai buɗe ba. Ya ce bairos ne, kuma irin wanda ake kwasowa wajen sauke wasanni da kallon ƙwallo a intanet. Ya faɗi haka yana kallon Auta. Ya goge komai ya sake zuba Windows, ya karɓi jaka goma ta sefa. Allah ya taimake ni yaron ya kwafe fayil ɗin bashi a filashi kafin a taɓa ta, ni ban ma yi wannan tunanin ba. Kwana biyu tsakani ta koma gidan jiya. Na biyu ya ce ram ne ya gaji, ya cire nawa ya sa wani, jaka goma sha biyu. Wannan ko magariba ba a kai ba ta sake ɗaukewa. Maimakon in zargi masu gyaran, sai zuciyata ta ƙara karkata kan yaron. Na ce ai an wanke ta, shi ne ya koma ya sake kwaso wata cutar.

Ranar 12 ga azumi wata Hajiya ta iso daga Paraku. Shekara goma sha ɗaya muna ciniki da ita, ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ta zo ɗaukar kayan Sallah, na duba kwamfuta na ce mata akwai ragowar jaka ɗari uku da arba'in a kanta. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ai ɗana ya kawo ranar Talata, ya ba yaronka hannu da hannu." Na sake dubawa, babu. Auta ya ce, "Baffa, an kawo. Na shigar, sai ta ɗauke, ina jin bai zauna ba." Ga azumi, ga zafi, ga mutane cike da shago. Ban san sa'ad da baki ya kufce mini ba. Na ce masa shi ya lalata mini na'ura da wasan banza, kuma yanzu kuɗi sun soma ɓacewa a hannunsa. Na ce in ba zai iya riƙon amana ba, motar Kano ba ta ƙare ba. A gaban maƙwabta na faɗa, a gaban Hajiya. Yaron bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe atamfa. Hajiya kuwa ta tashi ta ce za ta dawo, ta fita ba ta ɗauki ko turmi ɗaya ba.

A daren nan na zauna na haɗa lissafin ranar Talata da takardar banki. Kuɗin Hajiya suna ciki cif, ni da kaina na kai su banki tare da cinikin ranar ban lura ba. Na san na yi ɓarna, amma girman kai ya ce mini ai ko babu maganar kuɗi, lalata kwamfutar dai shi ya yi. Kwana biyu yaron bai sha ruwa tare da mu ba, sai ya tsaya a masallaci. Uwargida ta same ni bayan sahur ta ce, "Alhaji, ka tabbatar shi ya ɓata abin nan, ko zato kake yi? Yaron nan fa ba shi da uban da zai kai wa ƙara sai kai." Ban ba ta amsa ba, domin ba ni da ita.

Bayan tarawihi a masallacin Zango na yi wa wani maƙwabcina ƙorafi, ya haɗa ni da wani dattijo mutumin Damagaram, wanda ya fara da gyaran rediyo da talabijin tun kafin kwamfuta ta yawaita. Washegari ya zo shago da 'yar jakarsa. Bai taɓa sukurudireba ba sai da ya yi kusan minti ashirin yana yi mini tambayoyi. Yaushe ta fara? Da safe ta fi yi ko da rana? Tana nuna wani rubutu kafin ta ɗauke? In ta ɗauke tana zama a mace ne ko tana tashi nan take? Me aka canza a shago a 'yan kwanakin nan? Na ce ba a canza komai ba. Wallahi har ga Allah firiza ba ta zo mini a rai ba.

Ya ce, "Alhaji, wannan ɗaukewar kamar zazzaɓi ce. Zazzaɓi yana iya zama na sauro, yana iya zama taifot, yana iya zama haƙori. Wanda ya ba ka magani bai auna ka ba, caca ya yi da kuɗinka." Ya lissafa mini masu jawo irin wannan: zafi, ram, faifan ajiya, akwatin wuta na cikin kwamfuta, babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, wutar bango ita kanta, sai kuma manhaja. Ya ce sharaɗinsa uku ne. A kwafe duk abin da ke da muhimmanci a wuri biyu kafin a taɓa komai. A canza abu ɗaya tak a lokaci guda, domin in ka canza uku ta warke ba ka san wanne ne ba, in ta dawo kuma ka koma farko. Sannan a rubuta duk abin da aka gani.

Abu na farko da ya yi shi ne ya shiga saitin Windows ya cire alamar da ke sa ta sake tashi da kanta in ta yi karo da babbar matsala. Ya ce haka take zuwa a saite, shi ya sa wani lokaci shuɗin allo mai ɗauke da bayanin matsalar yake wucewa kafin ido ya kama shi. In an cire alamar, shuɗin allon zai tsaya a karanta, kuma galibi ya fi nuni ga ram, ko faifan ajiya, ko wata manhajar da ke sarrafa wani sashe na na'urar. In kuwa aka cire amma ta ci gaba da ɗaukewa ɗif babu rubutu, to hankali ya fi komawa kan wuta da zafi da babban allo. Daga nan ya buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ya nuna mini wani layi mai suna Kernel-Power da lamba 41, ya maimaitu rututu. Na ɗauka an kama ɓarawo. Ya yi dariya ya ce wannan lambar abin da take faɗa kawai shi ne na'ura ta mutu ba ta yi sallama ba, ba ta faɗin wanda ya kashe ta. Amfaninta shi ne tana ba da rana da lokaci.

Na biyu, ya ciro wani filashi mai ɗauke da Linux, ya tayar da kwamfutar daga kansa, ba tare da an bi ta Windows ɗina ko faifan ajiyata ba. Ya ce mu bar ta haka mu gani. Muna zaune muna hira, ba a yi sa'a ɗaya da rabi ba sai ga allo ya yi baƙi, ta sake tashi. Ya ce, "To Alhaji, ka ga dai babu Windows a nan, babu wasa, babu ƙwallo, babu bairos. Ciwon a jikin ƙarfe yake ko a wuta." Auta yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Na kasa ɗaga ido in dube shi.

Sai a lokacin ya zare wayar wuta daga bango, ya danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita, ya taɓa ƙarfen akwatin da hannu, sannan ya buɗe murfi. Abin da na gani ya ba ni kunya. Ƙurar hunturu da burbushin zaren atamfa sun haɗu da laimar teku sun yi kauri a kan fanka da ƙarfen da ke shanye zafin furosesa, kamar an shimfiɗa bargo. Kafin ya share, ya auna zafin furosesa tana aiki, ya kai digiri 92. Ya ce irin waɗannan in suka doshi 100 sukan rage gudu da kansu, in abin ya ƙi su kashe na'urar don kada su ƙone. Ya hure ƙurar da abin hura iska, ya dafe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ya ɗaga ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Ya goge, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar. Zafi ya sauko wajen 40 in tana hutawa, 60 da 'yan kai in tana aiki. Na ce alhamdu lillahi, na sa hannu a aljihu. Ya ce in dakata. Ya ce zafi ya fi sa na'ura ta yi nauyi, fanka ta yi ta kuka, sannan ta mutu ta zauna a mace. Tawa kuwa tana tashi nan take, kuma ta sha yi da sassafe kafin ta ɗauki zafi. Ya ce wannan ƙurar laifi ce da ya kamata a gyara, amma bai yarda ita ce mai laifin da muke nema ba. Washegari da hantsi ta sake ɗaukewa.

Ya ɗauke ta ya tafi da ita shagonsa. Can ya gwada ram da wata manhaja mai suna MemTest86, sanda ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar shi ya zagaya sau huɗu. Babu kuskure ko ɗaya. Har tsohon ram ɗina da aka ce ya gaji, wanda Auta ya adana a aljihun tebur, aka gwada, lafiyarsa ƙalau. Ya duba rahoton lafiyar faifan ajiya, babu matsala. Ya zare 'yar wayar maɓallin sake tayarwa da ke gaban akwati, domin wani lokaci maɓallin kan maƙale ko ya yi tsatsa ya riƙa taɓa kansa. Ya haska babban allo da tocila yana duba 'yan gwangwanayen nan da ake kira kafasita, ko akwai wanda kansa ya kumbura ko ya yi yoyo, bai ga komai ba. Abin mamaki, kwana biyu tana kunne a wurinsa dare da rana, yana ɗora mata aiki mai nauyi, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Da ya dawo da ita ya ce, "Majinyacin da ke warkewa a asibiti, in ya koma gida ciwo ya tashi, gidan ake dubawa." Ya ce yana so daga yau a riƙa rubuta lokacin da ta ɗauke da abin da ke faruwa a shago a daidai lokacin.

A nan ne Auta ya yi magana, karo na farko a gabana tun ranar da abin ya faru. Ya ce, "Malam, ina da shi." Ya shiga ciki ya ɗauko wani tsohon littafin rasit. Ashe tun ranar da na ci masa mutunci yake rubutawa a bayan littafin: rana, lokaci, abin da ake yi da kwamfutar, da abin da ya lura da shi. Ya yi ne don ya nuna mini ba a kan wasa take ɗaukewa ba. Dattijon ya sa tabarau yana bi layi layi. A gefen kusan kowane layi yaron ya rubuta kalma biyu: fitila, firiza. Ya tambaye shi ma'anarsu. Auta ya ce duk sa'ad da za ta ɗauke, yakan ga ƙwan fitila ya ɗan ƙifta, ya kuma ji firiza ta yi gurnanin tashi. Ya ce abin ya fi yawa da safe in an zuba sabon ruwa a leda, da kuma bayan la'asar da ake yawan buɗe murfi. Dattijon ya ce, "Me ya hana ka faɗa?" Yaron ya yi shiru. Ni na san amsar. Firizar matar Baffansa ce, Baffansa ya saya, kuma Baffan ya riga ya yanke hukunci.

Muka leƙa bayan kanta. Soket ɗaya ne a bango, aka ja wata siririyar wayar ƙari mai baki huɗu, irin ta araha. A jikinta aka jona kwamfuta, da allonta, da fankar tsaye, da firiza. Ni da hannuna na jona ta ranar da aka kawo. Dattijon ya sa mitarsa a ɗaya bakin, ta nuna wajen bolt 218, daidai da wutar ƙasar nan mai 220. Ya zare firiza, ya jira minti biyar don kada a wahalar da injinta, ya mayar. Da injin ya yunƙura, sai lambar mita ta faɗo ƙasa da 190 na ƙiftawar ido, fitila ta yi ƙyaf. Karo na farko kwamfuta ta jure, na biyu ma haka. A na uku allo ya yi baƙi. Ya bayyana mana cewa injin firiza yana jan wuta ninki da yawa a lokacin tashi fiye da yadda yake ja in ya daidaita, kuma siririyar waya ba ta iya ɗaukar wannan jan sai ƙarfin wuta ya faɗi ga duk wanda ke kan layin.

Na ce to shi ke nan, a fitar da firiza. Ya ce firiza rabin labari ce. Lafiyayyen akwatin wuta an yi shi ne ya riƙe na'ura na ɗan lokaci, kamar kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa, ko da wuta ta yanke gaba ɗaya, don haka bai kamata wannan 'yar faɗuwar ta kayar da shi ba. Aikin akwatin shi ne ya karɓi wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke amfani da su. Wayoyi masu ruwan ɗorawa su ne na 12, jajaye na 5, masu ruwan lemo na 3.3, baƙaƙe kuma na ƙasa. An yarda kowanne ya yi sama ko ƙasa da kashi biyar cikin ɗari kawai, wato na 12 kada ya gaza 11.4, kada ya wuce 12.6. Ya auna nawa: 11.5 tana hutawa, da ya ɗora mata aiki ya sauka 11.2. Ya haska tocila ta ramukan iskar akwatin, ya ce in leƙa. Ga kafasita ɗaya kansa ya kumbura, da wani abu ruwan ƙasa ya bushe a samansa. Na ce a buɗe a canza shi mana. Ya ce kada in kuskura in bar yaro ko kaina mu buɗe wannan akwatin, domin manyan kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya illata mutum ko bayan an zare waya daga bango.

Duk da haka bai ce in saya ba sai da ya tabbatar. Ya ɗauko wani akwatin wuta nasa da ya san lafiyarsa, ya jona, muka maimaita gwajin firiza sau goma. Fitila tana ƙiftawa, kwamfuta ko gezau. Ya mayar da nawa, a karo na biyu ta faɗi. Sai a nan ya ce, "Yanzu na yarda." Shi ya sa ba ta yi a shagonsa ba: akwatin ya raunana, amma wutar wurinsa a tsaye take, babu mai girgiza shi. Rauni a ciki da bugu daga waje ne suka haɗu.

Na sayi sabon akwatin wuta jaka goma sha takwas. Ya ce in tafi da tsohon kasuwa, domin wasu kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai suna da nasu girma da nasu bakin jonawa daban. Na kira mai aikin lantarki ya ja wa firiza layinta ita kaɗai da waya mai kauri. Na kuma sayi UPS, wadda a nan ake ce wa ondila, mai batir a ciki, da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci in an ɗauke wuta har ka adana aikinka ka kashe. Ya ja mini kunne cewa sitabilaiza daban take, tana daidaita hawa da saukar wuta amma ba ta riƙe komai in an ɗauke, kuma kada a jona firiza ko dutsen guga a jikin ondila. Tun daga ranar kwamfutar ba ta sake ɗaukewa ba.

Saura gyaran da babu mai yi mini shi. A daren 27 ga azumi na kira Auta ɗaki na ce masa na zalunce shi, ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Baffa." Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san nauyin da "ba komai" ke iya ɗauka. Da na gaya wa uwargida, sai ta ce, "A ɗaki ka zage shi?" Washegari na tara maƙwabtan da suka ji maganar farko, na faɗa a gabansu cewa kuɗin Hajiya suna banki, ni na kai, kuma abin da ya lalata kwamfuta ni na jona shi da hannuna, yaron nan ne ma ya gano. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Bayan Sallah na hau mota na yi tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu zuwa Paraku da takardar banki a aljihu, na ba Hajiya haƙuri. Ta karɓe ni da mutunci, ta ce ya wuce. Amma kayan Sallar bana a wurin wani ta sara, kuma har yanzu rabin abin da take ɗauka a da take ɗauka a wurina.

'Yan uwana masu shaguna a Lome, da Akara, da Duwala, da Njamena, da yawanmu yanzu dukiyarmu tana cikin irin waɗannan tsofaffin na'urori, a shagunan da soket ɗaya ke ɗauke da komai. In taku ta fara wannan hali, ku fara kwafe lissafinku a wuri biyu kafin kowa ya taɓa ta. Ku tambayi kanku me ya shigo shago ko gida a makon da abin ya fara. Ku rubuta lokutan. Ku gwada ta a wani soket ko a gidan wani kafin ku sayi komai. Mai laftof ya gwada ta da caja babu batir in irin mai cirewa ne, ya kuma gwada da batir babu caja, ya ga a wanne take yi. Mai gyaran da ya faɗi cuta kafin ya auna, ko ya ce a goge komai tun bai ga inda matsalar take ba, ku ce ya nuna muku shaida. Ni na biya jaka ashirin da biyu kafin in koyi wannan.

Yanzu littafin takarda ya dawo kan teburina. Duk wanda ya biya sai an rubuta masa rasit mai kwafi biyu kafin a shigar a kwamfuta, kuma kowace yamma ana kwafe fayil ɗin a filashi da waya. Duk wata uku Auta yana buɗe akwatin ya hure ƙura. Ranar Talata da Alhamis yana zuwa wurin dattijon nan koyon gyara, ni na nema masa, kuma an ce hannunsa yana da kyau. Muna shan shayi tare, muna lissafi tare. Sai dai tun daga ranar nan bai sake kunna ƙwallo a shago ba, ko da na ce masa ya kunna. Rannan ana wani babban wasa na hango shi a shagon maƙwabci yana kallo a tsaye.

Allah ya jiƙan yayana, ya ba mu ikon riƙon amanar da aka bar mana.